Mutumin da bai taɓa barin gari ba: tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin It's a Wonderful Life

Duk ƙarshen shekara, idan Kirsimeti ta ƙarato, gidajen talabijin a Amurka da Birtaniya sukan ɗauko wani tsohon fim marar kala su sake haskawa, mutane kuma su zauna su kalla kamar ba su taɓa gani ba. Wanda bai san shi ba zai ɗauka labarin shagali ne da kyaututtuka. Wanda ya zauna ya kalle shi tun daga farko ya san cewa yawancinsa labarin wani magidanci ne da abin da yake so a duniya ya kuɓuce masa, da matar da ta zauna da shi a haka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

An fara nuna shi a birnin New York ranar 20 ga Disamba, 1946. Daraktansa Frank Capra, haifaffen tsibirin Sisili ne na ƙasar Italiya, wanda iyayensa suka kawo Amurka yana ƙaramin yaro. James Stewart ne ya fito a matsayin George Bailey, Donna Reed ta fito a matsayin matarsa Mary, Lionel Barrymore kuma ya zama attajirin gari Mista Potter. Tsawonsa awa biyu da minti goma.

Asalinsa wani gajeren labari ne da Philip Van Doren Stern ya rubuta, ya rasa mai buga masa. A 1943 sai ya buga kwafi wajen 200 da kuɗinsa ya aika wa 'yan uwa da abokai a matsayin katin gaisuwar Kirsimeti. Ɗaya daga ciki ya faɗa hannun mutanen kamfanin shirya finafinai na RKO, suka sayi labarin, daga baya ya koma hannun Capra.

A taƙaice, mene ne labarin?

George ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Bedford Falls. Tun yana yaro ba shi da zance sai na tafiya: zai ga Turai, ya yi karatun jami'a, ya dawo yana gina gadoji da dogayen benaye. Mahaifinsa kuwa yana riƙe da wani ɗan kamfani da ke tara ajiyar talakawa ya ba su bashin gina gida, kamfanin da shi kaɗai ya hana Potter haɗiye garin ɗungurungum.

Duk lokacin da George ya ɗaure akwati, sai wani abu ya gitta. Ranar jajiberin Kirsimetin 1945 baffansa Billy ya ɓatar da dala 8,000 na kamfani, ga mai binciken asusu ya iso gari. George ya hango kurkuku da abin kunya, ya je kan gada da daddare da niyyar faɗawa kogi. Nan aka aiko masa da wani mala'ika mai suna Clarence, ya nuna masa yadda garin zai kasance da a ce ba a taɓa haihuwarsa ba. Ya roƙi a mayar masa da rayuwarsa, ya koma gida da gudu, ba a jima ba mutanen gari suka taru suna zuba kuɗi a kan tebur.

Mutane sun fi tuna wannan ɓangaren na ƙarshe. Amma mala'ikan bai sauko ba sai da fim ya ci fiye da awa ɗaya da rabi.

To me ke cikin wancan awa ɗaya da rabin?

Jerin ƙofofi ne da ake rufewa a fuskar mutum ɗaya, kuma kowace da kyakkyawan dalili. Yana ɗan shekara 12 ya faɗa cikin ruwan ƙanƙara ya ceto ƙanensa Harry, kunnensa na hagu ya mutu. A 1928, ana gobe zai kama hanyar Turai, mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. Ya fasa tafiya ya zauna gyara al'amuran kamfani. Da zai wuce jami'a, masu hannun jari suka ce ba za su bar kamfanin ya ci gaba ba sai in shi zai riƙe. Ya miƙa wa Harry kuɗin karatunsa a kan cewa bayan shekara huɗu ƙanen zai dawo ya karɓe shi. Harry ya dawo da amarya, surukinsa kuma ya yi masa tayin aiki mai tsoka a wani gari. Wa zai ce wa ƙanensa ya ƙi?

Akwai wani ɗan lokaci a tashar jirgin ƙasa, bayan amaryar ta saki maganar aikin, da kyamara ta tsaya a kan fuskar Stewart shi kaɗai. Bai ce komai ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi fuskar ta nuna mutum ya gane an gama da shi, ta sake haɗa kanta, ya ƙaƙaro murmushi ya bi 'yan uwa. A ganina duk fim ɗin yana cikin wannan wurin.

Abin da ya sa ciwon ya fi cin rai shi ne babu wanda za a kama da laifi. Harry bai cuce shi ba. Mahaifinsa bai tilasta masa ba. Da akwai azzalumin da ya tare masa hanya, da ya samu wanda zai tsana ya huta. A nan kuwa kirkinsa ne ya ɗaure shi, kuma mutum ba ya iya kai ƙarar kirkinsa wurin kowa. Ko da yaƙi ya zo, kunnen nan ya hana a ɗauke shi soja. Abokansa suka tafi fagen daga, Harry ya zama matuƙin jirgin yaƙi har ya samu lambar yabo mafi girma ta ƙasar, shi kuma yana gida yana tattara tsofaffin tayoyi da ƙarafa don taimakon yaƙi.

Shin George yana son Mary kuwa, ko dai auren rashin mafita ne?

Yana son ta, kuma yana tsoron son. Fim ɗin bai ɓoye ko ɗaya ba.

Daren da Harry ya dawo, George ya yi ta gararamba a gari rai a ɓace, ƙafa ta kai shi ƙofar gidan su Mary. Ita ta yi kwalliya, ta sa faifai a garmaho, ta ajiye wani zane da ta yi masa. Shi kuwa ya zauna yana ta gatse da ƙunƙuni har ta ƙule, ya fita, ta fasa faifan. Ya dawo ɗaukar hularsa daidai lokacin da wani abokinsu mai neman Mary, Sam Wainwright, ya bugo waya daga New York yana tallar wata harkar roba da za a yi da waken suya. Su biyun suka kara kunne a kan waya ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa. Can sai George ya saki wayar ya damƙi Mary yana girgiza ta, yana cewa shi ba ya son roba, ba ya son aure har abada, abin da ransa yake so shi zai yi. Bai rufe baki ba ya rungume ta, su duka suna kuka. Abin da aka nuna bayan wannan shi ne ranar biki.

Ban san wani fim na wancan zamani da ya nuna neman aure a haka ba. Mutumin ya san cewa in ya ce yana son yarinyar nan, ya sa hannu a takardar zama a garin ke nan. Soyayyar gaskiya ce, asarar ma gaskiya ce, kuma a daƙiƙa ɗaya suka zo masa. Masu aure da yawa, maza da mata, sun san wannan ko da ba su taɓa furtawa ba: ranar da ka zaɓi mutum ɗaya, ranar ka sallami wasu rayuwowi da dama da kake ganin da ka yi su.

Ke nan Mary ce ta ɗaure shi?

Wasu masu sharhi sun faɗi haka, kuma ba su rasa hujja ba. Tun suna yara, a kantin maganin da George yake aiki, ta sunkuya ta raɗa masa a mataccen kunnensa cewa za ta so shi har ta mutu, don ta san ba zai ji ba. Da suka girma, wani dare suka tsaya gaban wani tsohon kango da yara ke jifa suna faɗin buri. George ya yi jifa ya shelanta nasa da ƙarfi, ƙasashe da gine-gine. Mary ta yi jifa ta ƙi faɗin nata. Sai daren aurensu, a cikin wannan kangon da ta share ta mayar gida, ta gaya masa cewa abin da ta roƙa ke nan.

Wato a daren nan mutum biyu suka yi buri, burin ɗaya ba zai cika ba sai na ɗayan ya rushe. Nata ne ya cika.

Amma a ce ta ɗana masa tarko, wannan zalunci ne gare ta. Manyan ƙofofin da suka rufe masa sun rufe ne kafin ya aure ta. Ga Sam mai kuɗi, wanda mahaifiyarta ta fi so, ta bar shi ta zaɓi mai albashin dala 45 a mako. Ita ma ta yi jami'a, ta ga New York, ta dawo da ƙafarta. Gidan da rufinsa ke yoyo, ita ta yi ta liƙa masa takardar bango da fenti shekara da shekaru, da goyo da ciki, har 'ya'ya huɗu. A daren farko ma, tagogin gidan an manne su da hotunan tallar ƙasashen da ya so zuwa. Wani zai ce tausayi ne, wani zai ce fami ne. Ni na fi karkata ga cewa ta san ciwon mijinta sarai, ba ta da maganinsa, sai ta yi abin da za ta iya.

Abin da fim ɗin ya kama daidai shi ne cewa ana iya zaman aure na gaskiya alhali ɗaya ya samu abin da yake so, ɗayan bai samu ba, kuma su duka sun sani, ba wanda ke tayar da zancen. Ta ciki na ciki.

Me ya sa ba su je yawon amarci ba?

Suna cikin tasi za su tasha, da dala 2,000 da suka tara don tafiya, sai suka ga mutane na gudu cikin ruwan sama zuwa banki. Zamanin karyewar tattalin arzikin Amurka ne. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe a ƙasar, kuma sai a 1933 gwamnati ta kafa hukumar da ke lamunce ajiyar jama'a. Masu kallo na 1946 sun ga irin wannan rana da idonsu.

George ya sauka ya tarar da kamfani cike da masu neman kuɗinsu, Potter kuma ya aiko cewa zai sayi hannun jarin kowa a rabin kuɗi. George ya yi ta bayani cewa kuɗin ba a cikin akwatin ƙarfe suke ba, suna cikin gidan wane da gidan wane, kamar dai yadda uwar adashe ba ta ajiye zubi a ƙarƙashin katifa. Bayani bai hana su tsoro ba. Wadda ta ɗaga damin kuɗin amarci sama ta tambayi nawa ake buƙata, Mary ce. Wannan yakan kuɓuce wa mutane. Wani ya nace sai an ba shi dala 242 ɗinsa cif, wata baiwar Allah ta ce dala 17 da rabi sun ishe ta. Da aka tashi rufe ƙofa ƙarfe shida, dala biyu suka rage.

Me ya sa ake yawan maganar daren da ya koma gida bayan kuɗin sun ɓata?

Don nan ne abin da ya haɗiye shekara kusan ashirin ya fito. Ya shigo ba hula ba babbar riga, gida ya ɗau ado, yara na murna. Ya ɗauki ƙaramin ɗansa ya ƙanƙame yana hawaye a ɓoye. Daga nan sai haushin kaza ya koma kan dami. 'Yarsa na koyon waƙa a piyano, ya ce ta ishe shi. Ya zagi gidan, ya ce sanyinsa ne ke sa yara ciwo, ya zagi garin. Ya tambayi matarsa dalilin da ya sa suka tara yara haka. Malamar makarantar 'yarsu Zuzu ta bugo waya tana tambayar jikin yarinya, ya karɓe ya wanke ta tas har ta yi kuka. Sannan ya juya kan wani lungu na falo inda yake ajiye zane-zanensa da 'yan samfurin gada da benaye da ya haɗa da hannunsa, ya bi su da shuri ya farfasa.

Lungun nan shi ne abin lura. Mutum mai 'ya'ya huɗu, ya doshi arba'in, ashe har yanzu yana zama da daddare yana gina gadar da ba za a taɓa ginawa ba. Ba a taɓa nuna mana shi ba sai daren da ya rusa shi.

Ya dawo hayyacinsa ya ba da haƙuri, amma yaran sun riga sun tsorata, Mary kuma ta tare su ta tambaye shi don me yake azabtar da su. Bai gaya mata abin da ya faru ba. Ya fita. Wanda ya tashi a gidan da uba ke shigowa da damuwar kasuwa ko ta ofis ya sauke a kan iyali, ba ya buƙatar a fassara masa wannan fitowar. Fim ɗin bai wanke George ba, bai kuma mayar da shi dodo ba.

Akwai alaƙa tsakanin fim ɗin da Yaƙin Duniya na Biyu?

Sosai. Shi ne fim na farko da Stewart ya yi bayan ya dawo daga yaƙi, inda ya tuƙa jiragen sama masu jefa bama-bamai ya kai hare-hare 20 a Turai. Ya tafi yana jarumin finafinan raha, ya dawo a rame, yana shakkar ko zai iya komawa sana'ar. A wurin da George ke zaune a mashaya yana addu'a ƙasa-ƙasa, Stewart ya faɗa daga baya cewa kukan da ya zo masa ba ya cikin shiri. Capra ma shekarun yaƙin ya yi su ne yana haɗa wa sojojin Amurka finafinan wayar da kai.

Su ma masu kallon haka suke. A 1946 an ɗaura aure fiye da miliyan biyu a Amurka, aka kuma yi saki kimanin 600,000, adadin da ƙasar ba ta taɓa gani ba kafin nan. Sojoji sun dawo sun tarar da matan da suka aura a gurguje, ga ƙarancin gidaje, ma'aurata na cunkushe a gidajen iyaye. Labarin gidan kai da auren da ke jijjiga ba tatsuniya ba ce a wurinsu.

Ya samu karɓuwa da ya fito?

Ba sosai ba. An kashe masa fiye da dala miliyan 3, kuma abin da ya shigo bai rufe ramin ba. An sa shi takarar Oscar a rukuni biyar, har da na fim mafi kyau da jarumi mafi kyau, bai ci ko ɗaya ba. Wanda ya kwashe kyaututtukan shekarar fim ne na William Wyler a kan sojojin da suka dawo gida, shi kuwa Wyler abokin kasuwancin Capra ne a ɗan kamfaninsu Liberty Films. Ba a jima ba aka sayar da kamfanin ga Paramount.

Sakaci ne ya raya shi. A dokar wancan lokaci haƙƙin mallaka shekara 28 yake yi, sai an sabunta. A 1974 ba a sabunta ba. Gidajen talabijin suka ga abin arha, suka riƙa haska shi ba dare ba rana duk Disamba, har yaran da aka haifa bayan yaƙi suka tashi suna ganin kamar da shi aka halicci Kirsimeti. A 1990 aka sa shi cikin kundin finafinan da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ke adanawa. A 1993 kamfanin Republic Pictures ya dawo da ikonsa ta hanyar haƙƙin gajeren labarin da na kiɗan fim ɗin, daga nan tashar NBC ta karɓi nuna shi. Capra da kansa ya ce lokacin da yake yin sa bai ma ɗauke shi fim ɗin Kirsimeti ba.

Da gaske ne hukumar FBI ta zarge shi?

Da gaske ne. A 1947, farkon zamanin farautar 'yan kwaminisanci a Hollywood, wani rahoton wannan hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka ya ambaci fim ɗin, yana cewa nuna mai banki a matsayin mugu dabara ce ta 'yan kwaminisanci. Abin dariyar shi ne George ma mai ba da bashi ne, Capra kuwa ɗan ra'ayin riƙau. Maganar ba ta je ko'ina ba.

Ba abin da za a kushe a fim ɗin?

Akwai, babba ma. A duniyar da ba a haifi George ba, ƙanensa ya mutu yana yaro, sojojin da ƙanen zai ceta sun halaka, mai kantin magani ya yi shekara 20 a kurkuku saboda ba wanda ya hana shi kuskuren zuba guba a maganin wani yaro, baffa Billy yana gidan mahaukata, garin ya koma Pottersville, mashaya da gidajen caca ko'ina. Sai George ya matsa a gaya masa inda Mary take. Mala'ikan ya yi ta noƙewa kamar zai faɗi mutuwa. Mene ne mugun labarin? Ba ta yi aure ba, tana aiki a laburare, ta sa tabarau.

Yau masu kallo dariya suke yi a nan, kuma sun yi daidai. Matar da ta ceci kamfani da kuɗin amarcinta, ta mai da kango gida, ita ce za a ce in babu George ta zama abin tausayi mai tsoron inuwarta? Har idonta ma ya lalace don ba ta samu miji ba? A gajeren labarin Stern, wani mutum ta aura, wanda ya fi kama da gaskiya, ya kuma fi ciwo ga George. Capra ya kasa jure ganinta da wani, sai ya rage mata daraja. Wannan son kai ne irin na maza, kuma ya bar tabo a fim ɗin.

Fim ɗin addini ne?

Da addu'o'in mutanen gari ya buɗe, kuma a daren Kirsimeti ya ƙare, har da waƙar coci. Amma ba wa'azi yake yi ba. Clarence, yadda aka nuna shi, wani tsoho ne mai shirme da ke neman a ƙara masa girma a ba shi fukafukai, abin da ba koyarwar coci ba ce, ba kuma ta masallaci ba. Dabarar masu ba da labari ce kawai don a samu hanyar nuna wa mutum ramin da zai bari in an cire shi. Wanda siffanta mala'ika a fim bai kwanta masa ba, ya san da wannan kafin ya zauna kallo. Haka kuma akwai shan giya, da batun mutum ya yi niyyar halaka kansa, ga mai tunanin kallo da yara.

Ƙarshen ya warware matsalar George?

Ya warware ta dala 8,000. Maƙwabta sun kawo abin da suke da shi, Sam ya aiko da saƙon waya cewa a ba shi har dala 25,000, mai binciken asusu ma ya jefa nasa, an yaga takardar kamu. Kusan kowa yakan share hawaye a nan, ni ma haka.

Sai dai a duba abin da bai canza ba. Kuɗin da suka ɓata suna hannun Potter: baffa Billy ne ya naɗe su cikin jarida ya miƙa masa bisa kuskure, shi kuma ya gani ya yi gum. Ba wanda ya gano, ba a hukunta shi ba, abin da ba a saba gani ba a zamanin da dokar tace finafinan Hollywood ke son a ga mai laifi ya girbi abin da ya shuka. Abin ya tsaya wa Amurkawa a rai har a 1986 wani shirin barkwanci na talabijin ya ƙirƙiro ƙarshen da mutanen gari suka je suka lakaɗa wa Potter duka.

George kuwa, in an gama hutu, ofishin nan dai zai koma. Ba zai ga Italiya ba, ba zai gina gada ba. Akwai wani ƙullutun katako a kan matakalar gidansa da ke cirewa duk lokacin da ya dafa shi. Da farkon daren ya kusa yin jifa da shi don takaici. Da ya dawo, ya sake cirewa a hannunsa, ya sumbace shi ya mayar. Ba a gyara katakon ba.

Ina ganin wannan ne ya sa fim ɗin bai tsufa ba. Da a ƙarshe an miƙa masa tikitin jirgin ruwa, da ya zama labarin wanda ya yi haƙuri aka biya shi, mu kuma mu tashi mu ce to, a fim ne. Ba a biya shi ba. An nuna masa inda shekarunsa suka shiga ne kawai: cikin gidajen unguwar da kamfaninsa ya gina, cikin iyalin Martini 'yan ci-rani daga Italiya da suka bar gidan hayar Potter suka shiga nasu. Ko wannan ya isa ya maye gurbin abin da ya rasa, fim ɗin ya ce ya isa. Mai kallo yana da damar ya yi jayayya, kuma amsar da mutum zai bayar yana ɗan ashirin ba ita zai bayar yana ɗan hamsin ba.

Akwai garin Bedford Falls da gaske?

Babu. An gina shi ne a filin kamfanin RKO da ke Encino a jihar Kalifoniya, aka ɗauki fim ɗin tsakanin Afrilu da Yulin 1946, wani lokaci cikin tsananin zafi. Gumin da ke fuskar Stewart a kan gada na gaske ne. Dusar ƙanƙarar kuma haɗi ce ta kumfar kashe gobara da sabulu da ruwa. Kafin nan busasshiyar masarar karin kumallo ake shafa wa farin fenti, ita kuwa in an taka sai ta yi ta ƙaras-ƙaras ta ɓata sauti. Wannan sabuwar dabara ta samo wa ma'aikatan RKO lambar yabo ta fasaha.

Mutanen Seneca Falls a jihar New York sun haƙiƙance garinsu aka kwaikwaya. Suna da gadar ƙarfe mai kama da ta fim ɗin, inda a 1917 wani matashi ɗan asalin Italiya, Antonio Varacalli, ya faɗa ruwa ya ceci wata mata shi kuma ya rasu. Sun buɗe gidan tarihin fim ɗin a 2010, suna kuma biki duk Disamba.

Wanda ba ruwansa da Kirsimeti ko Amurka zai ji daɗinsa?

Ƙanƙara da bishiyar ado baƙi ne a wurinmu, amma George ba baƙo ba ne. Kowace unguwa tana da babban wa da ya ajiye karatu ranar da mahaifi ya rasu, ya shiga shago don ƙanne su yi makaranta. Ƙannen sun zama manya a wasu garuruwa, suna zuwa da mota ranar salla, shi yana nan inda aka bar shi, ana ta sa masa albarka. Ba a cika tambayarsa abin da shi ya so zama ba. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma ba daga bakinsa ta ji ba.

Lokacin biki kuma shi ne lokacin da irin wannan ciwo ke motsawa, ko wane biki ne: kowa ya dawo gida, ana gwada wanda ya ci gaba, ga kashe kuɗi, ga dole a yi fara'a.

In zan kalla a karon farko, wanne zan nema, kuma me zan sa wa ido?

Nemi marar kalar. An yi masa fenti da kwamfuta tun 1986, Stewart kuma ya yi adawa da hakan a fili. Duhun da ke Pottersville da inuwar da ke fuskarsa a kan gada da gangan aka yi su, kala tana wanke su.

Sannan ka bar George na ɗan lokaci ka bi Mary da ido, musamman bayan ya farfasa kayansa ya fita. Ba ta san an yi asarar kuɗi ba. Ba ta bi shi waje tana kira ba, ba ta kuma zauna kuka ba. Yaran suka tambaye ta ko babansu na cikin matsala, ta ce e, suka ce su yi masa addu'a, ta ce su yi sosai. Tana faɗin haka hannunta na kan waya, tana neman baffa Billy. Duk tsawon lokacin da George ya yi a mashaya da kan gada da yawonsa da mala'ika, ita tana bin gari cikin ƙanƙara gida-gida, kuma kyamara ba ta bi ta ko sau ɗaya ba. Sai dai mu ga ta shigo da mayafi a ka, numfashi sama-sama, ta share teburin falo ta ce masa ya tsaya a nan, mutane na tafe.